Allurar magniziyam da aikin dare: inda jinyar mai jijjiga take lalacewa

Da wuya mako ya wuce a ɗakin haihuwa na babban asibiti a Arewa ba a shigo da mace tana jijjiga ba. Galibi yarinya ce mai cikin fari, ko dai ba ta taɓa zuwa awo ba, ko ta je sau ɗaya ta watsar. Ta kwana biyu tana kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi, fuska da ƙafafu sun kumbura, a gida ana cewa ai nauyin ciki ne. Sai da ta faɗi tana taune harshe aka shiga hayaƙi da tofi, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka nemo mota. Kafin a iso asibiti ta yi jijjiga uku ko huɗu.

Maganin wannan ciwo ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsada. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar da cewa allurar magniziyam salfet ta fi dayazifam, allurar sa barci da aka saba yi wa mai jijjiga, hana jijjiga dawowa. A 2002 gwajin Magpie, wanda aka yi a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa idan aka yi wa mai hawan jinin ciki wannan allura tun ba ta fara jijjiga ba, haɗarin yana raguwa da fiye da rabi. Nan gida ma an gani da ido. Lokacin da aka shigar da maganin asibitocin gwamnati 10 na jihar Kano a 2008, aka horar da likitoci da ungozomai a kan yadda ake ba da shi, yawan masu mutuwa cikin matan da suka zo da wannan ciwo ya sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3. Duk da haka jijjiga tana nan cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Nijeriya, ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen masu juna biyu na duniya baki ɗaya.

Jinkirin gida da rashin mota suna da nasu kason, kuma an sha maganarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke faruwa bayan mace ta shigo ƙofar asibiti. Magniziyam ba allurar da ake yi wa mutum a juya baya ba ce. Likita zai rubuta ta cikin daƙiƙa goma, amma awa 24 da ke biye duk a wuyan nas da ungozoma suke.

Tun daga teburin awo ake fara ɓarna. Ƙa'idar gane hawan jinin ciki, wanda ke kai ga jijjiga, ita ce awon jini 140/90 ko sama da haka, bayan ciki ya wuce mako 20, a same shi sau biyu da tazarar awa huɗu, tare da furotin a fitsari. In ya kai 160/110 ba a jiran awa huɗu, cikin minti 15 ake sake aunawa a fara magani. Amma duba katin awo a asibiti mai cunkoso, za ka ga 120/80, 110/70, 120/80, kai ka ce duk matan garin jininsu ɗaya ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mace ta fito daga dogon layi ba a bar ta ta zauna ko minti biyar ba, an ɗaura mata abin awon a kan hannun riga, an saki iskar da gudu maimakon a sauke ta maki biyu zuwa uku a daƙiƙa, sannan aka dunƙule lambar zuwa sifili mafi kusa. Da haka 134/94 ke komawa 130/90, a kunnen da ya gaji ma ya koma 130/80, a ce mata ta dawo bayan wata guda. Tsinken gwajin fitsari kuma, in an bar robarsa a buɗe cikin zafi da danshi, launinsa ba abin dogaro ba ne.

Idan jijjiga ta zo, abin farko ba allura ba ne. A kira taimako, a duba agogo, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kare ta daga faɗowa daga gado. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, domin abin da cokali ke jawowa karyewar haƙori ne da toshewar maƙogwaro. Nan nas ke buƙatar murya mai ƙarfi da ladabi a lokaci guda: "Mama, don Allah ki ajiye cokalin nan, ki riƙe min kanta ta wannan gefen." Ba wa uwa ko suruka aikin yi ya fi korar ta waje sauƙi. Jijjigar takan lafa da kanta cikin minti ɗaya zuwa biyu. Da ta lafa sai a share bakin, a sa iskar oksijin, a sa kanula, wato 'yar robar da ake bari a jijiya don tura magani, a sa robar fitsari. Mace mai ciki da ta yi jijjiga ana ɗaukar ta a matsayin mai wannan ciwo har sai an tabbatar da wani abu daban, amma in akwai zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, dole a tuna da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da kuma sanƙarau, a kuma auna sukarin jini.

Sai lissafi, inda hannun sabuwar ma'aikaciya ke rawa. Tsarin da aka fi bi a asibitocinmu shi ne na Pritchard, saboda ba ya buƙatar injin tura ruwa. Allurar farko giram 14 ce: giram 4 ta jijiya, giram 10 a ɗuwawu, biyar dama biyar hagu. Kwalbar da aka fi samu mai ƙarfin kashi 50 cikin 100 ce, wato kowane mil ɗaya yana ɗauke da rabin giram. Don haka giram 4 mil 8 ke nan. Ba a tura wannan ta jijiya yadda yake, ya yi kauri, yana ƙona jijiya. A sirinji mai mil 20 ake zuƙar mil 8 na maganin, a cika da mil 12 na ruwan allura, ya dawo kashi 20 cikin 100, sannan a tura a hankali, kada ya gaza minti biyar, ido na kan agogo. In tana cikin hayyacinta a gaya mata tun da wuri cewa za ta ji zafi ya lulluɓe mata jiki, don kada ta firgita ta fizge hannu. Na ɗuwawu ba a sirka shi: mil 10 na kashi 50, a haɗa da mil 1 na lignoken mai kashi 2 a sirinji ɗaya don rage raɗaɗi. Mil 11 ba zai shiga sirinji mai mil 10 ba, saboda haka sirinji uku masu mil 20 ake buƙata. Ƙaramin abu ne, amma da tsakar dare, kantin magani a rufe, shi kaɗai ya isa ya ci rabin awa.

Kwalaben kansu tarko ne. Akwai mai mil 10 da ke ɗauke da giram 5, akwai mai mil 2 da ke ɗauke da giram 1. Wadda ta saba da babbar ta san kwalba uku sun ishe ta allurar farko. Ranar da aka kawo ƙananan sai ta fasa 14, kuma ba kowa ke da ƙarfin zuciyar fasa kwalba 14 don mutum ɗaya ba, sai a tsaya a uku ko huɗu a rubuta "an bayar". Mace ta sake jijjiga, a ce maganin ba ya aiki. A ƙasashen da ke sayo magani ta hanyar Faransa kuma akan ci karo da mai kashi 15, mil 10 giram ɗaya da rabi, wanda ba zai yiwu a yi shi a ɗuwawu ba, domin giram 5 zai haura mil 33. Shi ya sa umarni da yawan kwalba ba umarni ba ne. Da giram ake rubutawa, a karanta jikin kwalba, mutum biyu su duba tare in akwai na biyun.

Wurin allurar shi ne sama ta waje na ɗuwawu, can cikin tsoka, da doguwar allura. In aka sauko ƙasa ko aka matso ciki ana iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. In allurar ta yi gajarta maganin ya tsaya cikin kitse, ba ya shiga jini da kyau, bayan kwanaki kuma wurin ya yi ruwa. Idan jijjiga ta dawo bayan minti 15, ana ƙara giram 2 ta jijiya, wato mil 4 a cikin mil 6 na ruwan allura, shi ma cikin minti biyar.

Daga nan sai giram 5 a ɗuwawu duk awa huɗu, ana sauya gefe, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, duk wanda ya zo daga baya. Allura shida ke nan in lissafin ya fara nan take, jimilla giram 44 da ta farko. Kuma kafin kowace ɗaya sai an duba abu uku, wato gwiwa da numfashi da fitsari, domin ƙoda ce kaɗai ke fitar da magniziyam daga jiki, ciwon nan kuwa yakan taɓa ƙoda. In fitsari ya ragu, maganin yana taruwa. Sa'ar da aka yi ita ce gubarsa tana bin mataki: motsin gwiwa ne ke fara ɓacewa, sannan numfashi ya yi rauni, tsayawar zuciya ce ƙarshe, kuma tana nesa. Wanda ke duba gwiwa ba zai taɓa kaiwa ga matakin numfashi ba tare da ya sani ba.

Gwajin gwiwa ba ya buƙatar guduma ta musamman. Nas ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwar, ta ɗaga ta kaɗan har ƙafar ta saki, ta laluba jijiyar da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ta buga da gefen hannu ko bakin abin sauraren ƙirji. Ƙafa ta harba, ko tsokar cinya ta motsa, to an wuce. Babu motsi a gwiwa biyun, a dakatar da allura. Numfashi kuma ƙirgawa ake yi, minti ɗaya cur, hannu a kan ƙirji ko ciki. Ƙasa da 16 a dakata. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a rubuta 20 ko 22 daga nesa, layi bayan layi, har lambar ta daina nufin komai. Fitsari ana son aƙalla mil 30 a awa, wato kimanin mil 120 cikin awa huɗu. Layukan da ke jikin jakar fitsari ba su da daidaito a ƙaramin adadi, gara a juye a mazubi mai ma'auni, a rubuta, a bar jakar fanko don awon gaba. Kafin a ce ƙoda ta tsaya, a duba ko robar ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya. Sau da yawa matsalar ke nan.

In numfashi ya yi ƙasa sosai ko ya tsaya, a taimaka mata da jakar hura iska, a ba da makarin gubar, kalsiyam gulukonet, giram 1, wato mil 10 na kashi 10 cikin 100, ta jijiya a hankali. Ya kamata kwalbar ta kasance a cikin akwati ɗaya da magniziyam, ba a sito ba. Sai dai a nan akwai wani tunani da ya kashe mata da yawa: asibitin da ba shi da kalsiyam sai ya ƙi yin allurar farko gaba ɗaya, wai gudun guba. Wannan kuskure ne. Giram 14 na farko, in an bayar da shi yadda ya kamata, da wuya ƙwarai ya kai ga guba, ko da ƙodar ta yi rauni. Taruwa daga maimaitawa take zuwa. A ganina tsoron magniziyam ya fi magniziyam ɗin kansa yin ɓarna, kuma tsoron ne ke mayar da mutane ga dayazifam, wanda ke danne numfashin uwa, ya bar jariri laɓo-laɓo ba ya iya kama nono. Dayazifam na ranar da babu magniziyam ne kawai. Haɗa su biyun kuwa ƙara wa numfashi nauyi ne.

Magniziyam yana hana jijjiga, ba ya sauke jini, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa ne ke kashe da yawa daga cikinsu. In awo ya kai 160/110 ana ba da haidiralazin miligiram 5 ta jijiya a hankali, ko labetalol, ko nifedifin miligiram 10 ta baki in tana iya haɗiya. Ana neman lambar ƙasa ta awon jinin ta zauna tsakanin 90 da 100, ba a faɗo da ita gaba ɗaya ba, don kada jinin da ke zuwa wa jariri ya yanke. Ruwa kuma a yi hattara da shi. Ganin fitsari ya ragu yakan sa a buɗe ƙarin ruwa, leda bayan leda, alhali jijiyoyin mai wannan ciwo suna yoyo, ruwan a huhu yake tarewa. Kimanin mil 80 a awa ya isa in ba zubar jini take yi ba. Maganin asali shi ne raba ta da cikin, kuma ga wadda ta riga ta yi jijjiga ana so a haihu cikin awa 12. Bayan haihuwa oksitosin ake yi mata don mahaifa ta tsuke. Agometirin, ɗaya allurar da ake yi don wannan aiki, yana ɗaga jini, yana iya dawo da jijjigar nan take, kuma hannun da ya saba da shi yakan kai gare shi ba tare da tunani ba.

To, a lissafa lokacin da wannan aiki ke ci. Awon jini, bugun zuciya, ƙirga numfashi, gwiwa, fitsari, sauraren jariri, rubutawa: minti goma a ƙalla, kuma a farkon jinya duk awa ake so, har ma fiye. A ɗauka ungozoma ɗaya ce ke aikin dare, tana da mata uku suna naƙuda, ɗaya tana zubar da jini, ga jaririn da bai yi kuka ba. Ba ta da minti goman nan. Abu biyu take iya yi, kuma dukansu ana ganinsu: ko ta yi allurar ƙarfe biyun dare ba tare da ta duba komai ba, ko ta tsallake ta sai da safe. Na farko hanyar guba ce, na biyu hanyar dawowar jijjiga. Idan abu ya ɓaci, sunanta ne a kan fayil, ba sunan wanda ya tsara jadawalin da ya bar ta ita kaɗai ba.

Wannan ne ya haɗa maganar jijjiga da maganar ficewar ma'aikatan jinya. A farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ce nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A watan Fabrairun shekarar ta fito da sabuwar ƙa'idar tantance takardu, wadda ta ce sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance shi ga hukumomin ƙasashen waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ƙungiyar nas-nas da ungozomai ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta akwai alawus na aikin dare da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Riƙe takardar mutum ba ya ƙara ko hannu ɗaya a ɗakin haihuwa, musamman da yake akwai waɗanda suka gama makaranta suna zaune ba a ɗauke su ba. Kuma ba yawan masu tafiya ne kaɗai abin dubawa ba, su wane ne ke tafiya. Wadda ta yi shekara goma a ɗakin haihuwa, wadda za ta tsaya bayan sabuwa ta ce "mil takwas, ba goma ba", ita ce ta fi samun hanyar fita. A Arewa ficewar ma hawa biyu ce: daga ƙauye zuwa birni, daga asibitin jiha zuwa na tarayya, kafin a kai ga Ingila ko Saudiyya.

Akwai gyaran da ba sai an jira kasafin kuɗi ba. A 2009 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka wallafa sakamakon abin da aka sani da tsarin Sakkwato, inda ake yin allurar farko ta giram 14 kaɗai ba tare da na duk awa huɗu ba, kuma yawancin matan ba su sake jijjiga ba. Bai maye gurbin cikakken tsari ba, domin shaidar da ke bayan na awa 24 ta fi yawa, amma ya nuna inda mafi yawan amfanin yake. Manufar raba ayyukan lafiya da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014 ta buɗe ƙofar ma'aikatan lafiya na matakin farko da aka horar su yi allurar farko kafin su tura mace gaba. Inda babu wanda zai iya sa kanula, giram 10 na ɗuwawu kaɗai ya fi a ɗora ta a mota haka nan ta yi awa biyu a hanya. Abin da hankali ya yarda da shi shi ne a raba aikin gida biyu: allurar farko a duk inda mace ta fara isa, maimaitawa kuma sai inda akwai mai duba gwiwa da numfashi da fitsari. Asibitin da ba zai iya ba da wannan mutum ba, to ya tura, kada ya riƙe.

Akwatin jijjiga shi ma ba wani kuɗi ba ne: magniziyam da ya isa awa 24, sirinji uku masu mil 20, ruwan allura, lignoken, kalsiyam, kanula, robar fitsari da jakarta, maganin sauke jini, da kati ɗaya mai ɗauke da lissafin a mil bisa irin kwalbar da ke cikin akwatin a wannan watan. A duba shi a kowane canjin aiki, a yi amfani da shi kafin a yi maganar kuɗi. Inda ake miƙa wa miji takarda a ce "Malam, je ka sayo waɗannan", galibi rabin kayan yake dawowa da su, bayan awa guda.

Takardar turawa da miƙa aiki su ne wurin da aka fi sakaci. "An yi mata allura" ba bayani ba ne. Wadda za ta karɓa tana buƙatar sanin giram nawa, ta wace hanya, da ƙarfe nawa, ko an ba ta dayazifam a wani wuri, jijjiga nawa ta yi, yaushe ce ta ƙarshe, fitsari nawa ya fita tun lokacin. In babu wannan, ko dai a maimaita giram 14 a kan giram 14, ko a ji tsoro a ƙi yin komai. A cikin asibiti ɗaya ma hakan na faruwa idan aka mayar da mace daga ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata zuwa ɗakin masu jego: ta haihu, hankalin kowa ya kwanta, agogon awa 24 ya ɓace tsakanin fayil biyu. A bakin gado ya kamata a miƙa irin wannan mara lafiya, a faɗi lokacin allura ta gaba da gefen da za a yi ta, a buga gwiwa tare.

Jijjiga tana iya zuwa karon farko bayan haihuwa, mafi yawa cikin awa 48, wani lokaci bayan mako guda ko fiye, kuma jinin mai jego yakan ƙara hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da take gida ana shirin suna. Kafin sallama a zaunar da ita da wadda za ta yi mata zaman jego, a faɗa musu cewa ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya, ciwo a saman ciki ta dama ko haki ba na jira ba ne, a ja musu kunne kan kunun kanwa ga mai hawan jini, a rubuta mata ranar dawowa awon jini cikin makon farko. A kuma rubuta a katinta cewa a ciki na gaba ta fara awo da wuri, domin a ɗora ta a kan asfirin mai ƙaramin ƙarfi daga mako na 12 da kuma ƙwayar kalsiyam.